Sai Kunne Ya Ce Ya Yi

Kunne ake ce masa, domin ko ƙuda ya yi tari a cikin waƙa sai ya ji. Sana'arsa gyaran rediyo da fanka. A ɗakin bayan shagonsa, inda ya jingina tsofaffin katifu a bango don tare ƙara, nan wata 'yar ƙungiyar kiɗa take taruwa kowace Asabar: mawaƙiya malamar firamare ce, mai jita direban tasi, mai ganga kuma yana aiki a kantin magani. Kunne ne mai naɗar sauti da haɗa shi. Tun farko suka kafa doka cewa faifansu ba zai fita ba sai ya ce ya yi.

Shekara tara bai ce ba. Yau ganga ta danne murya, gobe jita ta cika kuka. Masoyansu, waɗanda duka-duka ba za su cika bas biyu ba, suka yi ta jira har wasu suka fara furfura. Kowa na yaba masa ƙwarewa. Gaskiyar magana kuwa, tun da matarsa ta rasu, Asabar ce kaɗai ranar da ake dariya a shagon nan, kuma yana tsoron in aiki ya ƙare, zama ma ya ƙare.

Wata Asabar mawaƙiya ta zo da waƙa a wayarta, ta ce, "Yaya, ɗan saurari wannan haɗin." Ya gyara zama, ya shirya tsintar aibi kamar kullum. Sai waƙar ta ratsa shi, idonsa ya ciko, baki ya riga shi.

"Wallahi wannan shi ne! Wa ya haɗa?"

Mai ganga ya riƙe ciki don dariya. "Kai ne, Yaya. Naka ne na shekarar farko, ko ƙura ba mu kaɗe masa ba."

Magana zarar bunu ce. Faifai ya fita, har wata jarida ta rubuta cewa ana jin gumin shekara tara a kowace waƙa.

Asabar ta zagayo. Ya share ɗakin, ya jera kujeru, ya dafa shayin mutum huɗu. Da rana ta karkata ba kowa, sai ya kira mawaƙiya a waya.

"Haba Yaya," ta ce cikin tausayi, "shekara tara muna hana ka sakat. Mun yi shawara, daga yau mun bar ka ka huta."