Muryar 'Yar Ja

Idan ka tambayi garejin Munzali a Gashuwa, ba wanda zai tsaya yi maka kwatancen kwana. Cewa za a yi ka nemi jar motar nan da ke fake a gindin dalbejiya. Shekara ashirin da wani abu tana nan, kujerunta biyu, ba ta da rufi, ga ta ƙasa-ƙasa har akuya na iya leƙa cikinta. 'Yar Ja ake ce mata.

Shi Munzali gajere ne, mai gardamar tsiya, kuma ya yi imani babu ciwon da ƙarin ƙarfi ba ya warkarwa. Ko shayi sai an ninka masa ganye. Amma hannunsa na da kyau, wannan ko masu jin haushinsa sun yarda.

Motar ta ubangidansa ce, Alhaji Babakura na Nguru, wanda ya koya masa riƙon sifana. Tun yana matashi ya saye ta a hannun wani Bature da ke aiki a tashar jirgin ƙasa. Shi Babakura da kunne yake gyara: ya rufe ido, ya karkata kai, ya gaya maka abin da ke damun inji kafin a ɗaga bonet. Da idanunsa suka mutu, sai ya damƙa wa Munzali makullin, ya ce ya riƙe ta amana. Munzali ya riƙe. Duk Juma'a yakan wanke ta, ya tayar da ita, ya zauna ciki yana tuna zamanin da suke keta garin Nguru iska na dukan fuskarsu. Yana kewar tsohon nan ƙwarai, sai dai bakinsa ba ya iya faɗa.

A ranin bara Kaltum, 'yar Babakura, ta kira shi a waya. Ta ce jikin Baba ya yi nisa, abinci ma sai da lallami, kuma ba shi da zance sai na 'Yar Ja. So yake ya ji ta ko sau ɗaya.

Matsalar ita ce tsohon injin ya gaji. Yana tashi, amma kafin a fita gari ya ɗau zafi yana tari, ina zancen kaiwa Nguru. Munzali bai yi dogon tunani ba, ya sauke shi. Ya sa aka kawo masa mai silinda shida daga Kano, ya yanke nan, ya yi walda can, ya ɗora babbar kafireta, ya canza salansa. Mako uku ba ya karɓar aikin kowa. Tsohon injin kuwa ya bai wa Ya'u, wani manomin rani a Katuzu da injin ban-ruwansa ya mutu, har shi ya je ya haɗa masa da famfo.

Ranar da Munzali ya kama hanyar Nguru, 'Yar Ja ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Ya wuce motocin haya ɗaya bayan ɗaya, hularsa a cinya, yana murmushi shi kaɗai.

An fito da Babakura zaure a kan tabarma, ya rame har Munzali ya kawar da kai. Bayan sun gaisa, Munzali ya koma mota ya murɗa makulli, ya taka totur. Ƙarar ta cika unguwa. Tsohon ya karkata kai kamar yadda ya saba, ya daɗe yana saurare.

"Wannan ta wace ce?" ya tambaya.

"Taka ce, Baba. Na ƙara mata ƙarfi ne."

"Ƙarfi kam akwai. Allah ya sa albarka. Amma ba ita ba ce."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi wa Munzali sauƙi. Munzali ya kashe motar ya zauna, kunya ta rufe shi. Shi da aka koya wa aiki da kunne, ya manta cewa makaho muryar ya nema, ba gudu ba.

Can sai ya ciro waya ya kira Ya'u. Ya roƙe shi ya tayar da injin, ya kara wayar kusa da shi, kada ya ce komai. Ya durƙusa ya ɗora tasa a kunnen tsohon. Da fari tari aka ji, sannan wannan bugun mai ɗan ɗingishi, da ƙarar ruwa yana zuba a gonar albasa.

Fuskar Babakura ta saki. Ya kama hannun Munzali ya danna wayar sosai a kunnensa.

"Ga ta nan," ya ce a hankali. "Fulogi na uku yana tsallake. Har yau ba ka gyara ba?"

"Zan gyara, Baba."

"A'a. Bar shi haka."

Kwana tara bayan nan aka yi jana'izarsa. 'Yar Ja ta koma gindin dalbejiya da sabon injinta, kuma yanzu babu motar da ke kamo ta a hanyar Nguru. Amma duk Juma'a da hantsi, babur Munzali ke hawa zuwa Katuzu. Yakan zauna a bakin gonar Ya'u, ya rufe ido, ya karkata kai. Ya'u ya sha yi masa ƙorafi a kan fulogin nan na uku, shi kuwa ya hana kowa taɓa shi.