Kifin da Na Jefa a Bola

Shekara biyu na yi ina kwana ɗaki ɗaya da wani mutumin Indiya a unguwar Al-Oud, can ƙasar Larabawa. Kafilinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ɗaya ne, mota ɗaya ke kwasar mu zuwa Dir'iyya, ni ina kwaɓa siminti, shi yana ɗaure rodi. Ranar farko da na ce masa Ba'indiye ya ɓata rai, wai shi ɗan ƙabilar Meitei ne daga jihar Manifur, can ƙurya kusa da ƙasar Bama. Na ce to madalla, ni ma ɗan Maraɗi ne, matsa min in shimfiɗa katifa.

Da guntun Larabcin titi muke hira, kuma hirarsa ɗaya ce: gundumarsu. Wai kwari ne shimfiɗaɗɗe, duwatsu sun kewaye shi, ko'ina shinkafa, har da wata baƙa ƙirin da ake dafawa ranar biki. Kowane gida da kududdufin kifinsa, kowace mace da masaƙarta. Kasuwa ta mata ce, namiji sai dai ya zo saye. Nama ba ya ci, sai kifi, kilishina ma kallon tausayi yake masa. Da ya kai kan wani tafki mai ciyawa da ke yawo a kan ruwa, mutane na kafa bukka a kanta, na ce masa ƙarya ma tana da iyaka. Ya nuna min a waya. Na ce haɗi ne.

Ya je hutu ya dawo da wata roba naɗe cikin leda, ya tura ƙarƙashin gado. Wata Alhamis bayana ya riƙe, ban je aiki ba. Da rana ta take, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, sai wani wari ya taso. Na nemi mushen ɓera ban samu ba, na jawo robar na buɗe. Wayyo Allah, ƙananan kifaye ne sun narke sun yi baƙi. Na ce bawan Allah ya manta da tsarabarsa har ta ruɓe. Na kai bola, motar shara ta kwashe a gabana, na kunna turare ina jiran godiya.

Ya dawo ya leƙa ƙarƙashin gado, ya kalle ni, na ba shi labari da alfahari. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a ƙasa ya ce sunan abin ngari. Busasshen kifi ake dannawa a tulu, a liƙe bakin da laka, a bar shi watanni, kuma wannan mahaifiyarsa ce ta zaɓo masa da hannunta. Ya ce gobe ce ranar da a garinsu, gab da girbi, kowane namiji ke kiran 'yan'uwansa mata masu aure su dawo gida ya ciyar da su. Ƙanwarsa nas ce a wani asibiti wajen unguwar Ulaisha, da ƙyar ta samu hutun yinin, shekara huɗu rabonta da abincin gida.

"Me zan ba ta gobe, aboki? Kabsa, shinkafar Larabawa?"

Kunya ta kama ni, ni kuwa in na ji kunya masifa nake yi. Na ja shi kasuwar Batha muka bi shagunan 'yan Bangaladash, kowane busasshen kifi ya sansana ya girgiza kai. Da muka dawo na fito da gwangwanin madara daga jakata, na ce ga abin da nake da shi. Daddawa ce. Ya buɗe ya kai hanci, ya daɗe a haka, ya ce su ma suna yin irinta da waken suya. Sannan ya tambaye ni, mai ajiye wannan a jaka shi ne ya zubar masa da kifi saboda wari? 

Ranar Juma'a muka shimfiɗa tabarma a wurin shaƙatawa na Wadi Hanifa. Ya dafa shinkafa da kifi, ya dame dankali da barkono, ya marmasa daddawata inda ngari ya kamata ya shiga. Ƙanwar ta zo ta ci loma ɗaya. Ta ce wannan ba kifin gida ba ne, amma warin madafin kakarsu ne sak. Ya tona min asiri, ta yi dariya har da hawaye, ta ƙara loma. Ya miƙa mata zane saƙar garinsu, ta sa masa albarka.

Sai ta juyo ta tambaye ni wa ya yi daddawar. Na ce ƙanwata, tana aure a wani ƙauye kusa da Tasawa, ta aiko min ta hannun wani mai zuwa Umara. Ta ce to me ta ce da na yi mata godiya? Na fara bayanin cewa mu a wurinmu ba a cika irin wannan ba, ita dai tana kallona. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ta yi gaskiya. Na tashi na koma bayan wani dabino na kira ƙanwata.

"Yaya? Wa ya rasu?"

Na ce babu kowa, na kira ne in ce daddawa ta iso.

Ina jin kukan awakinta ta waya. Sannan ta ce, "Wata bakwai ke nan, Yaya. Na ɗauka ba ta yi daɗi ba ne."