Ranar da Na Wuce Surukina da Gudu

Ina da shekara arba'in da biyu na shiga gasar nan, lokacin tumbina ya riga ya yi suna a Karantina, unguwarmu a Jidda. Tsaron sito nake yi a wani kamfanin kayan sanyaya ɗaki a Bagdadiyya, aikin da rabinsa zama ne, rabinsa shayi. Likita ya duba jinina ya ce suga ya fara leƙowa, in ban motsa jiki ba to in shirya haɗiyar ƙwaya har ƙarshen rayuwata. A wurin aikin akwai wani injiniya ɗan Filifin, siriri kamar sillen kara. Shi ya ba ni labarin wata 'yar gasa da baƙi ke shiryawa a Ubhur, can arewacin Jidda, da safiyar Juma'a. A yi iyo a teku, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, duk a jere ba hutawa. Mutanen ba su wuce arba'in ba, kuma ba a cin komai sai gajiya. Ƙa'ida ɗaya ya nanata mini, cewa ƙarfe goma ake kwance igiyar ƙarshe don masu zuwa masallaci su samu shiryawa, wanda bai iso ba ba a rubuta sunansa.

Zan so in ce maganar likita ce ta tashe ni, amma ƙarya zan yi. Maganar surukina ce. Tsoho ne daga Hausawan Sudan, ya fi shekara talatin yana gasa tsire a bakin layinsu. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, sai dai ya yi maka magana guda ta ishe ka shekara. Ni kuwa na ba shi abin faɗa. Na fara koyon ɗinki na bari, na buɗe shagon turare na rufe, na shiga koyon tuƙin babbar mota na watsar a sati na uku. Wata rana ina zaure na ji yana gaya wa 'yarsa cewa mijinta yaron kirki ne, kuma Allah ya hore masa baiwar fara abu. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don gaskiya ce. Sai na ƙudura cewa wannan karon zan gama, kuma ba wanda zai ji sai na gama.

Matata kaɗai na gaya wa. Ita kuma mahaifiyarta kaɗai ta gaya wa. Kafin sati ya zagayo, ƙanenta direban tasi, wanda ba shi da aikin da ya fi tsokanata, ya fara yi mini hon a hanya yana tambaya ko in shigo ya rage mini gudun.

Wata uku na yi ina shiri. Iyo dai na iya tun ina yaro, a tabkin garinmu a ƙasar Damagaram, amma ruwan tabki ba ya dukan mutum a fuska kuma ba shi da gishiri. Keke na aro wurin mai baƙala, wato kantin layinmu, baƙin ƙarfe mai nauyi, da kwandon kai saƙo a gaba. Na nemi in cire kwandon, mai shi ya ce in na taɓa shi to in dawo masa da kayansa. Wandon gasar kuwa injiniyan ne ya ba ni, wani abu mai ɗamewa da ƙyar ya rufe gwiwa. Ranar da na gwada shi da singileti, matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta roƙe ni in rufa mata asiri kar in fita layi a haka. Da jallabiya a kai na tafi Ubhur, ban tuɓe ba sai a bakin ruwa.

Aka rubuta mini lamba a dantse, aka busa usur. Sauran suka nutsa kai cikin ruwa suka miƙe shiru. Ni kuwa iyon tabki na yi, kai a sama, hannu da ƙafa suna dukan ruwa, kowa na kusa da ni ya ba ni wuri. Na sha gishirin da zai ishi miyar gida guda. Da na fito, mutum biyu kawai na bari a baya, ɗaya tsohon Bature ne, ɗaya kuma jijiya ce ta riƙe shi.

A kan keke ma ban kunyata masu kallo ba, sun sami abin dariya. Kekunan mutane ba nauyi, suna wucewa ta gefena da wani ɗan sauti, nawa kuwa kwandon yana ta ƙara a kowane rami. Wani Balarabe da ya zagayo ya sake wuce ni ya tambaya ko da sauran burodi. Ban amsa ba, numfashin ba na rabawa ba ne. Lokacin da na sauka na fara gudu, rana ta ɗaga, iskar teku ta yi nauyi ta manne a jiki, tsohon Baturen ya wuce ni, mai jijiya kuma ya haƙura. Na zama na ƙarshe, kuma ban damu ba, tunda na ƙarshe ma ana rubuta shi in ya iso kafin goma.

Saura minti shida ƙarfe goma ta cika na hango igiyar. Na ga ana naɗe kujeru. Sai kuma na ga tasi a gefen hanya, ƙanen matata ya jingina da ita yana washe baki, kusa da shi kuma farar riga da sanda. Surukina ne, tsaye tsakanina da igiya. Dama teku, hagu katanga, ba ta inda zan kauce.

Shekara goma sha biyu da aurena, mutumin nan bai taɓa ganin kaina ba hula ba. In zan gaishe shi tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, mu bi kwana da gajiya da iyali da kasuwa da ƙafarsa mai ciwo, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaggawa. Gaisuwar ba ta ƙarewa a minti shida. Kuma na san ƙafafuna, in suka lanƙwashe a ranar nan ba mai miƙar da su sai an kama ni. Ga shi ina tafe a jiƙe, cinya a ɗame, hammata a waje. Na yi wa ƙanen matata Allah ya isa a zuci, don na tabbata shi ya ɗauko tsohon ya zo ya sha kallo.

Amma ba a wuce suruki. Na tsaya, na sunkuya, na kama igiyar takalmi ina kwancewa. Ƙanen matata ya daina dariya, ya ce cikin Hausarsa mai gauraye da Larabci: "Yalla ya shekh, gudu, halas za su rufe."

Tsohon ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya juya a hankali, ya ba ni baya, ya fuskanci teku, ya ɗaga sanda yana nuna wa ɗansa wani kwalekwale.

"Ni ban ga kowa a hanyar nan ba," in ji shi. "Mai uzuri ya wuce. Gaisuwa tana gida, bayan la'asar."

Na miƙe na wuce ta bayansa, takalmi ɗaya a kwance yana neman fita. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Mai kula da igiya ya riga ya kwance gefe ɗaya, da ya hango ni sai ya riƙe ta da hannu har na iso. Ya duba agogo, ya duba dantsena, ya rubuta ni a ƙasan takarda. Na zauna a ƙasa na yi hawaye, injiniyan ya zuba mini ruwa a ka. Da na waiwaya, tasin ta tafi.

Bayan la'asar na sa riga da hula na je. Na durƙusa da ƙyar, muka gaisa yadda muka saba, ya tambayi yara, na tambayi ƙafa. Bai ce komai game da safiya ba, ni ma ban ce ba.

Da zan tafi na tare ƙanen matata a ƙofa don in sauke masa abin da ke raina. Ya rantse ba shi ya kitsa ba. Ya ce Baba ne ya tashe shi bayan asuba ya ce a kai shi Ubhur, kuma ya ƙi zama a mota, ya tsaya kusan awa biyu a rana da ƙafar nan tasa. Bayan na wuce ma bai juyo ba. Yana kallon ruwa yana tambaya, "Ya kai?" har sau uku. Da aka ce masa na kai, sai ya yi hamdala ya ce su tafi kafin in juyo mu haɗa ido.

Har yau in na tuna sai idona ya cika. Tun daga Karantina tsohon ya taso don ya ga na gama abu guda da idonsa, kuma don kar in ji kunya ya tsaya yana kallon teku har na gama.