Tiyon Motar Inna: Ta'aziyyar Yayana

Daga Allah muke, kuma gare Shi ake komawa. Ranar Talata, sha ɗaya ga wannan wata, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran yayana. Zan faɗi abin da na gani kawai. Ina tsaye a gefen gadonsa na asibiti, matarsa na zaune wajen kansa, sai ya kama hannun rigata ya ce: "Kada kowa ya tayar da motar Inna. Tiyon da ke ciki na kafireta ne." Numfashinsa ya sauya, na fita kiran likita. Da muka dawo ya cika. Wannan ita ce kalmarsa ta ƙarshe.

Yaya, wanda bai san sana'arka ba zai ɗauka zafin ciwo ne ya sa ka sambatu. Aikinka shi ne raya tsofaffin motoci: ka cire kafireta, tsohuwar na'urar ba inji fetur, ka sa ta zamani, injekta. Ka sha gaya mini cewa famfon injekta yana turo fetur da ƙarfin da tsohon tiyo ba ya ɗauka. Zai kumbura, ya tsage, ya fesa mai a kan inji mai zafi. Shi ya sa kake zaɓen tiyo mai saƙar zare a cikinsa, kake ƙin ɗaure bakinsa da kilif mai haƙora domin yana cin roba. Idan ka gama ɗauri, sai ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka bi kowace mahaɗa da farin ƙyalle, kana shinshinawa.

Na taɓa ganin wani direban haya ya kawo maka tiyo daga kasuwa, yana cewa ai tiyo tiyo ne. Ka yanka nasa da naka, ka nuna masa cikinsu, ka ce idan shi ya gaji da duniya, fasinjojinsa ba su gaya maka sun gaji ba. Ya yi fushi ya tafi. Yana sahun gaba a jana'izarka.

Motar Inna ita ce tsohuwar motar mahaifinmu, wadda ake kai Inna asibiti da ita. Ka sa wa motar injekta, tiyon da ya dace bai iso ba, ka maƙala tsohon don ƙura kada ta shiga, sai ciwo ya kwantar da kai.

Na riƙe makullin. A kwanakin zaman makoki an nemi motar don ɗauko baƙi, na hana. Kawu ya ce ba a raba gado ba na fara zaɓe. Na ci gaba da riƙe makullin, domin ba wurin musu ba ne. Abin da ya fi mini nauyi shi ne ranar da Inna ta tambaye ni abin da ka faɗa a ƙarshe. Na gaya mata gaskiya. Ta ce: "Har a bakin mutuwa, mota?" Na ce ba motar kake tsarewa ba, mai shiga cikinta ce. 

Jiya abokin aikinka ya sa sabon tiyo, ya bi shi da farin ƙyalle. Da ya cire tsohon, ya lanƙwasa shi a gaban Kawu, tiyon ya tsage a hannunsa. Na miƙa wa Kawu makullin.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya tsare ka daga wuta. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka, da mutanen gareji. Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙaninka,
Na-Boko

Gyara: Na karanta wa matarsa wannan rubutu. Ta ce bayan fitata ya yi kalmar shahada, a hankali, har ƙarshenta. Ita ce ke wurin, ba ni ba. Maganarta za a ɗauka. Na je na gaya wa Inna.