Takardar da Na Miƙa wa Baba Malam

Jiya aka ce in rubuta addu'ar buɗe taron ƙungiyar 'yan kasuwarmu na kan iyaka, na zauna na kasa. Baba Malam ne ya faɗo mini a rai, shekara guda ke nan da rasuwarsa.

Shi ke buɗe mana taro a rumfar bakin shingen kwastan, kuma addu'arsa ba ta ƙarewa. Sai ya ambaci kowane direban da ke kan hanyar Maraɗi, da kowane ɗan dako mai jinya, da sunansa da na ubansa. Ni kuwa sakatariya, fitowata daga sakandare ke nan, ina ta duban agogo.

Ranar da wani babban jami'i ya zo daga Kaduna, na buga layi huɗu a tafireta, na miƙa masa a gaban jama'a. Na ce, "Baba, wannan za ka karanta. Baƙo na sauri."

Na san sarai ajami kaɗai yake karantawa, gaggawa ce ta rufe mini ido. Ya riƙe takardar yana dubanta. Motocin siminti na ta ruri a waje. Wani ya tuntsire da dariya.

Ya ce, "Ɗiyata, ke karanta, ni in ce amin."

Na karanta. Amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Daga ranar bai ƙara buɗe taro ba, wai idonsa ya yi rauni. Ban taɓa taka ƙafa na je na ba shi haƙuri ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka. Allah ya sa ka yafe mini kafin ka tafi.