Jakin da Ya Kafa Garinmu

Ko zan manta duk abin da na karanta a jami'a, ba zan manta lokacin da na kai wa malamina labarin jaki a matsayin tarihin garinmu ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, dariya ta biyo baya.

Shekarata ta ƙarshe ce a sashen tarihi a Tawa. Dole kowa ya rubuta memuwar, wato littafin binciken da ake karewa gaban malamai kafin a sallami ɗalibi. Ni na zaɓi yadda aka kafa ƙauyenmu, wanda ke kan tudun duwatsu a ƙasar Buza. Tun ina yarinya abin ke cina: ga fadama shimfiɗe a ƙasa, ga ruwa kusa, me ya kai kakanninmu kan dutse, inda mace ke hawa da tulu har wuyanta ya sage?

Na ɗauka tsuntsu ne daga sama gasasshe, don wanda ya fi kowa tsufa a garin kakana ne, mahaifin babana. Da hutu na je, na ajiye waya gabansa tana ɗaukar murya. Ya gyara zama, ya ɗaure fuska, ya ce kakanmu na farko wani malalacin farke ne. Jakinsa ya hau tudu ya kwanta, aka yi duka, aka yi lallashi, ya ƙi tashi. Da mutumin ya ga kafa bukka ya fi tayar da jaki sauƙi, sai ya kafa. Ya ƙara da cewa taurin kaina wajen jakin nan na gada. Wannan kaɗai na cire. Sauran na zuba su da faransanci mai kyau, har da sharhi kan rawar dabbobi wajen kafuwar garuruwa.

Mushe, kamar yadda muke kiran malamin da faransanci, ya karanta, sai ya nemi ya ji muryar da na ɗauka. Can tsakiya ya tsayar, ya tambaye ni wa ke dariya a baya. Na ce kakata ce, tana tankaɗe. Ya tambaye ni mene ne tsakanina da mai maganar, na faɗa masa.

"Ɗiyata," in ji shi, "yaushe kinka ga kaka ya ba jika magana miƙe? Abokin wasanki na hwa."

Ya nuna mini cewa tsohon bai ambaci sunan kaka ko ɗaya ba, bai kuma ce ga wanda ya gaya masa ba. Sannan ya yanke: ko in kawo babi na gaskiya kafin ƙarshen wata, ko in jira baɗi.

Baɗi? Na ce a raina ba da ni ba. Damina ta sauka, korama ta yanke hanya, amma na bi motar kasuwa, na ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Kakan yana ganina ya ce ga amaryarsa ta dawo, shi kuwa ba ya hira da matar da ba ta kawo goro ba. Na kawo goro. Ya ba ni labarin yadda ya kashe kura da muciya. Na yi fushi har na yi kuka, shi ko a jikinsa.

A nan na gane ba tambayata ce ta gaza ba, mai tambayar ce. Muddin ni ce a gabansa, wasa zai yi. Sai na nemi wanda yake jin nauyinsa, kuma ba a rasa ba: babana, ɗansa na fari, wanda ko sunansa ba ya faɗa. Baba ya ce sam, shi bai taɓa zaman hira da mahaifinsa ba, ga noman fari ya riske shi. Ban yi gardama ba. Na ɗauki hauya na bi shi gona, yau da gobe, ina noma ina maimaita roƙona, har tafin hannuna ya yi kanta. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya ce in taso, kafin in kashe masa gero da mugun nomana.

Baba ya zauna nesa da tabarma, kansa a ƙasa, ya yi tambayar da bakinsa. Da tsohon ya buɗe baki, muryar ba wadda na sani ba ce. Ya jero kakanni ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a fadamar can suke zaune, ƙarƙashin masu mulkin zamanin, makiyayan arewa, waɗanda ke zuwa da raƙuma duk kaka su auni rabonsu. Wata shekarar yunwa aka ce har iri za a ɗauka. Kakanmu ya ɗora irin a kan jaki, ya tasa iyalinsa gaba, ya hau inda dutse ke cin ƙafar raƙumi. Jakin ya kai su sama, ya kwanta, bai sake tashi ba.

Ban san lokacin da na ce, ashe jakin gaskiya ne. Ya dube ni ya ce: "Jaki gaskiya na. Abin da ad da ɗaci shi anka zuba ma zuma, don jikoki su iya haɗiyewa."

Ban tsaya nan ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na je ƙauyen fadamar, na je wajen garin Keita na sami wani dattijo cikin jikokin makiyayan. Shi ya ce kariya suke bayarwa, hatsin ladanta ne. Na rubuta kowace magana da mai ita, da abin da ke tsakaninsa da labarin, da wanda ke zaune lokacin da ya faɗa. Na kai babin kafin wata ya mutu, na kuma kare aikina a shekarar.

Kakan ya rasu daga baya, Allah Ya jiƙansa. Baba ya ce ba don taurin kaina ba, da shi ma bai taɓa jin labarin ba. Abin da na koya shi nake gaya wa ɗalibaina yanzu: kafin ka rubuta abin da aka ce, ka san wa ya ce, kuma wa yake gaya wa. Wasa ma kada ka yar da shi, tona za ka yi, don wani lokaci a ƙarƙashinsa aka binne irin.