Fetur Mai Tashi Ran Alhamis

Duk wanda ya zauna a unguwar Hillside ya san motar Baba Eliakim Mlotshwa, don babu wanda bai taɓa makara a bayanta ba. Koriya ce, ƙirar Ingila ta 1967, kujera biyu, ba rufi, an ƙera ta ne don ta ci hanya. Ya saye ta a 1981 wurin wani Bature likitan haƙori da ke tattara komatsansa zai bar Bulawayo. Ya raɗa mata suna Nkosazana, wato gimbiya, kuma tun daga ranar bai bar ta ta yi abin da aka ƙera ta dominsa ba.

Aikin jirgi ne ya jawo. Shekara talatin da huɗu Baba Mlotshwa ya yi a ma'aikatar jirgin ƙasa yana gyaran agogon tukunyar tururi. A wancan aikin, in allura ta doshi ja, mutum sai ya fara tunanin wanda zai riƙe masa 'ya'ya. Da ya zauna cikin Nkosazana ya ga ita ma tana da agogo mai nuna juyin inji, da jan layi a dubu shida, sai ya yi lissafi irin na mutanen tukunya. Ya raba shida gida uku, ya ɗauki kashi ɗaya, ya ce nan ne iyaka. Don kada ƙafarsa ta ci amanarsa, ya sassaƙa guntun katakon layin dogo ya cusa ƙarƙashin totur.

Hujjarsa ita ce kowane inji da adadin juyinsa yake zuwa duniya, in ya ƙare shi ke nan, saboda haka mai hankali a hankali yake kashewa. Kowace safiya zai tayar da ita ya bar ta tana ɗumi a tsaye minti ashirin, shi yana gefe yana shan shayi. Kafin ya wuce ƙofar maƙwabci ya riga ya jefa ta giya ta huɗu, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ya je kantin burodi, titi biyar kacal, ya dawo ya goge ta. Da duk faɗin titunan garin nan sai da ya riƙa haɗa cunkoso. Ayarin kai gawa ya taɓa wuce shi, har direban motar gawar ya danna masa hon.

Matarsa, MaNdiweni, ba ta cewa komai. Kafin aurensu ita ce ke tuƙa motar asibitin mishan a dajin Nkayi, cikin yashi da taɓo, da masu naƙuda a baya. Baba Mlotshwa yakan ba da wannan labari a matsayin wahalar da ya ceto ta daga ciki. Tun da ta shigo gidansa bai bar ta ta hau kujera ta sauya ƙwan fitila ba, balle ta taɓa sitiyari. Yana ƙaunarta tsakani da Allah, matsalar ke nan. Mutum ne da in ya so abu sai ya ajiye shi.

Abu biyu ne suka gagare shi fahimta. Na farko, duk safiyar Juma'a sai ya tarar fetur ya ragu sosai a tanki. Agogon nisan tafiya ya mutu tun zamanin likitan haƙori, abin da ya yi masa daɗi ma, wai motar ta daina tsufa. Ya yi nazari ya gano cewa fetur yana tashi sama ne ran Alhamis, domin ranar ba ya gida. Yakan hau bas ya tafi gidan ajiye tsofaffin jirage ya wuni yana goge agogunan da ba za su ƙara motsi ba, gareji ya wuni a rufe, zafi ya taru. Har lacca ya gabatar kan wannan a ƙungiyar masu tsofaffin motoci, aka tafa masa, don ba a ƙaryata dattijo mai sanye da kwat.

Na biyu, wata shekara sammaci ya zo masa, wai an ga motarsa a hanyar Matopos tana gudun da ya wuce ƙa'ida. Ya tafi ofishin 'yan sanda ransa a ɓace, da shaidu goma sha ɗaya, ciki har da mai amalanken jaki da ya rantse shi da kansa ya sha wuce ta. Sufeton ya leƙa ta taga ya gane motar. Ashe ya taɓa rasa ɗaurin auren ƙanensa a bayanta. Ya yage takardar, ya ba Baba haƙuri.

Haka aka tafi shekara talatin da ɗaya, Nkosazana lafiyarta lau, duk wanda ya yi gardama sai Baba Mlotshwa ya nuna masa ita. Sai yanar ido ta kama MaNdiweni, aka sa ta a layin jiran aikin tiyata. Ba a jima ba fetur ya daina tashi, Baba ya ce sabuwar robar da ya sa a murfin tanki ce. Bayan wata tara motar ta fara tari. Ta koma fitar da baƙin hayaƙi, tana mutuwa a mahaɗa. Tsoro ya kama shi na gaske, ya ƙara wa katakon kauri, ya mayar da iyaka dubu ɗaya da ɗari biyar. Abin ya ƙara taɓarɓarewa.

Ya kai ta wurin Oswald Nleya, bakaniken da ke duba ta tun ran farko, mutum mai gajeren haƙuri da dogon tunani. Nleya ya kwance fulogi ɗaya, ya ga ya yi baƙi ƙirin, ya shinshina baƙin mai, sannan ya juyo ya dubi Baba.

“Baba Mlotshwa, wa ya rasu a gidanka?”

“Ba wanda ya rasu.”

“To wa ya daina tuƙa ta?”

Baba ya ce shi kaɗai ke tuƙa ta, kuma bai daina ba. Nleya ya goge hannu ya ce shekara talatin yana buɗe motar nan yana ganin fulogai masu launin biskit, yana rufe bakinsa, don ya san tuƙin zuwa kantin burodi ba ya ba da wannan launi. Ya bayyana masa dalla-dalla. Ɗumin minti ashirin a tsaye, fetur ne ke wanke mai daga jikin fistin yana gangarawa cikin baƙin mai. Titi biyar ba ya isa injin ya yi zafin da zai kori ruwan da ke taruwa ciki. Giya ta huɗu a tafiyar ƙafa kuwa, kowane juyi duka ne a kan metal, ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansa. Ya ce in aka ci gaba a haka injin zai buga kafin damina, kuma babu irin ƙarfen nan a ƙasar gaba ɗaya. Magani shi ne a sauya mai, sannan duk mako a hau hanya, in ta yi zafi a kai ta dubu huɗu da ɗari biyar.

“Kashe ta kake so in yi,” in ji Baba.

“Kai ka daɗe kana kashe ta, Baba. Wani ne dai ke tayar da ita duk mako. Ka je ka neme shi ka yi masa godiya.”

Baba ya gwada, ba za a ce bai gwada ba. A hanyar gida ya cire katakon, ya taka. Allura na kaiwa dubu biyu ƙafar ta ɗage da kanta. Sau bakwai yana yi, sau bakwai tana ƙi, har gumi ya jiƙa kwat ɗin.

Da yamma, suna cin tuwon masara da ganye, ya ba MaNdiweni labarin haukar Nleya, wai akwai ɓarawon da ke sace mota ya yi mata magani ya dawo da ita. Ta tambaye shi launin fulogan. Ya ce baƙi. Ta ajiye lomarta ta ce haba, ai ta ji tarin tun daga ɗaki, ta so ta yi magana.

Daga nan ta faɗa masa, ba tare da ta rage murya ba. Duk Alhamis, yana hawa bas, sai ta sa kayan taron matan coci, jar riga da farar hula, ta zare katakon ta jefa a jaka tare da littafin waƙoƙi. Minti goma na farko a hankali, har mai ya yi ɗumi, don ita ba mahaukaciya ba ce. Daga nan sai Matopos. Tana dawowa ta je taron, shi ya sa kullum hularta a karkace. Matan coci sun sani. Masu sayar da lemo a bakin hanya sun sani. Uku daga cikin shaidunsa goma sha ɗaya ta taɓa rage musu hanya.

Baba Mlotshwa ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya tuna laccarsa da tafin da aka yi masa. Ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

“Da na faɗa, da ka sassaƙa min nawa katakon, Baban Sihle,” ta ce. “Ni ma da na zauna a dubu biyun da ka ajiye ni, da tuni kun binne ni.”

Bai ƙarasa tuwon ba. Washegari Nleya ya sauya mai da fulogai.

Ran Alhamis tsofaffin jirage suka wuni ba mai goge su. MaNdiweni ta sa jar riga da farar hula, ta lalubi ƙofar motar ta zauna a kujerar fasinja, sandarta tsakanin gwiwoyi. Ya tayar ya miƙa hannu wajen kofin shayi, ta ce ya ajiye, tafiya za a yi. Da ya kai hannu zai sa giya ta huɗu a ƙofar maƙwabci, ta buge hannun. Suka bar gari, ta karkata kai tana sauraron injin, can ta ce yanzu ta yi ɗumi, ya taka.

“Dubu biyu ke nan, MaNdiweni.”

“Na ji. Ido ne ba ni da shi, ba kunne ba.”

Ƙafar ta fara ɗagewa. MaNdiweni ta laluba da sandarta har ta sami takalminsa, ta dafa da hannu biyu ta danna. Dubu uku. Nkosazana ta yi wani tari mai muni, ta amayar da baƙin hayaƙi da ya rufe wata bas a baya. Baba ya fara karanto addu'ar da ake yi wa mai barin duniya. Dubu huɗu. Tarin ya ɗauke, wata murya ta fito daga bonet, mai tsabta, wadda bai taɓa ji ba a motar da ya goge shekara talatin da ɗaya. Masu lemo suka miƙe suna ɗaga hannu, sai suka ga wanda ke riƙe da sitiyari, hannayen suka tsaya a sama.

Ya saci kallon matarsa. Hular ta karkace, idanunta a rufe, tana dariya da dukan fuskarta. Rabonsa da ganin wannan fuska tun a ƙofar asibitin Nkayi, ranar da ta diro daga motar mishan taɓo har gwiwa, ya ce a ransa wannan zai aura. Sai ya gane cewa duk Alhamis masu lemo suna ganinta, shi yana can yana goge matattun agoguna. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, hawaye suka zubo, iska na kwashe su zuwa kunnuwa.

“Sauya giya,” ta ce. Ya sauya.

Sai da suka hango duwatsun Matopos ya dubi allurar, tana tsaye a dubu huɗu da ɗari biyar. Ya dubi ƙasa. Sandar tana kwance a cinyarta, bai san tun yaushe ta ɗauke ba.